Ɗakin Ƙafafu

In na zauna a ƙofar gida da hantsi, ƙafafun masu wucewa nake kallo, don idon baduku ko ya tsufa ƙasa yake duba. Ba na ganin komai yanzu sai roba. Ja, shuɗiya, kore, duk daga buhu ɗaya aka zazzage su a bakin tasha. Yaro zai saya yau, jibi igiyar ta tsinke, ya tsuguna a gefen guduro, wato titin kwalta, ya soke ta da ƙusa, in ta ƙi ya cilla kwata ya sayi wata. Ba wanda ya san hannun da ya yi ta, ita ma ba ta san ƙafar da za ta shiga ba. Har sautin tafiya ya canja. A da mutum yana karyo kwanar lungu ka san ko wane ne, don takalmin fata yana da kukansa, kowa da irin nasa. Yau garin duka fal-fal-fal ne, mai unguwa da mai tallan rake tafiyarsu ɗaya a kunne.

Inda makarantar koyon sana'a take a yau, can bayan kasuwa, nan gidan takalma yake a zamaninmu. Kafin ka ga katangarsa warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata ya riga ya tarye ka. Da an sallame asuba ake tada injin, ya yi tari sau biyu sau uku sannan ya kama, sai kekunan ɗinki su ɗauka, sai guduma ta biyo baya, ba ɗaya ba ba goma ba, kowace da muryarta. Matan unguwa da wannan ƙarar suke sanin lokacin ɗora koko, in kuma ta tsaya su san azahar ta yi. Mai gidan wani Alhaji ne gajere, marar yawan magana, babban yatsansa na dama ya baje kamar cokali saboda danna fata. In ka gaishe shi, ƙafarka yake fara dubawa kafin fuskarka. Manya sun ce ko takalmi ba shi da shi ya bar garin nan namu na Matameye, yana bin jakunan fatake har Kano, ya shekara da shekaru a wani babban kamfanin takalma na Turawa, tun yana share ƙasa har ya zama shi ke kunce inji ya ɗaura. Ranar da ya dawo, kamiyo biyu, manyan motocin kaya, suka biyo shi shaƙe da ƙarafa, yara na bin su da gudu. Daga wannan gida ake ɗinka wa jandarmomi takalman aiki, ake yi wa ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, takalma fade, motarsa kuma tana kai kaya Damagaram da Maraɗi.

Abin da mutane suka kasa ganewa game da shi, koyarwarsa. Dukanci gado ne, ɗan baduku ke zama baduku, ɗan manomi kuwa ko fata ya taɓa sai an yi masa dariya. Shi Alhaji bai dubi wannan ba. Da an kai amfanin gona rumbu, lokacin da maza ke naɗe tabarmi za su tsallaka iyaka cin rani, sai ya hau motarsa ya bi ƙauyuka, Tsauni, Dawce, Dungu, ya zauna a zauren mutum ya ce a ba shi saurayin nan rani uku. Zai ci da shi, ya tufatar da shi, ya koya masa, ran da ya yaye shi kuma ya ba shi wuƙa da basilla da guduma da fatar fara aiki, in ya so ya zauna a gidan, in ya so ya je ya kafa rumfarsa. Bai taɓa neman komai a wurin iyaye ba. To, a garinmu abin da aka ba ka a banza shi ya fi ba da tsoro. Aka fara raɗe-raɗi. Wasu suka ce ba don Allah yake yi ba, akwai abin da yake karɓa wanda ido ba ya gani. Duk maganar kuwa a kan ɗaki ɗaya take komawa, wanda ake kira ɗakin ƙafafu.

Mahaifina yana cikin masu tafiya cin rani. Shekara biyu yana dawowa da ruwan fari, wato farkon damina, a ta uku ina da shekara shida ko bakwai ya tafi bai dawo ba. Abin da na riƙe nasa kawai bayansa ne, da tabarma a kafaɗa, da kukan sabon takalminsa har ya sha kwanar masallaci. Daga nan sai labari. Wani ya ce ya gan shi a Kano yana ga-ruwa, wani ya ce a Ikko yana gadi, wani ya ce ai ya yi iyali a kurmi, daga baya labarin ma ya ƙafe. Kawunnaina sun matsa wa Inna ta je wurin alƙali a raba auren, ta ce ita ba wanda ya kawo mata gawa, ba wanda ya kawo mata takarda. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe mu. Duk shekara in hadarin farko ya haɗo, sai ta shiga ɗakinsa ta share, ta kakkaɓe gadon kara, ta fito ta koma kan aikinta.

Da na kai shekara sha bakwai na naɗe tawa tabarmar, abokaina za su tafi na ce da ni za a yi. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata in tana magana ba. Ranar ta tsaya a bakin murhu ta juya min baya, ta daɗe tana juya gyaɗa a kasko. Na san tsoro biyu take aunawa, na hanyar da ta cinye mijinta da na ɗakin da ake faɗa. Can ta ce, "Kai wannan, ajiye tabarmar. Gobe ka je gidan takalma. Gara inda zan riƙa jin motsinka."

Ranar farko Alhaji bai tambaye ni ko na iya wani abu ba. Ya sa na tsaya a kan takardar buhun siminti, ya tsuguna da kansa, ya zagaye ƙafata da gawayi, sannan ya ɗauko kara ya gwada tsawonta ya karya. Gabana ya faɗi, don tun muna yara ake ce mana mai rai ba a gwada shi da kara, gawa ake yi wa haka in za a haƙa kabari. Shi ya sa tsofaffi da yawa ko kyauta aka ce za a yi musu takalmi a gidan ba sa zuwa. Takalman jandarma da na ƴan lakwal da lamba ake yin su, ba ruwan inji da mai ƙafa. Amma duk mutumin gari da ya zo da kansa, da duk wanda ya shigo koyo, sai an sassaƙa masa ƙafarsa ta katako, hagu da dama, wadda a kanta ake ja fata a ɗinka. Wani masassaƙi na Dungu ke fitar da siffar, Alhaji ya gyara da hannunsa har ƙashin idon sawu da karkacewar yatsa, ya rubuta sunan mai ita da ajami a dunduniya.

Bayan kwana bakwai aka ba ni tawa aka ce in je in rataye. Ɗakin dogo ne, ba taga sai ƴan ƙofofin iska can sama kusa da azara, hasken rana yana saukowa siri-siri. Daga kowace azara ƙafafu ne ke reto a igiyar fata, bibbiyu bibbiyu, manya da ƙanana, har sai ka sunkuya kake wucewa, dunduniyar wani tana shafar hularka. In ka buɗe ƙofa iska ta shiga, sai su fara bugun juna, ƙwas, ƙwas, daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, kamar jama'a ta tashi daga zaman makoki. Wani lokaci kuma da tsakar rana, an kashe inji, ganye ko motsi ba ya yi, muna kwance a inuwa sai mu ji suna yi su kaɗai. Manyan ma'aikata suna cewa zafi ne ke sa katako magana, ko ƙadangare ne ke bin igiya. Mun yarda, amma ba mai tashi ya duba. In mutum ya rasu, Alhaji yakan sauke tasa bayan sadakar bakwai, ya kankare sunan, ya sassaƙe ta ta koma ƙafar yaro. Na bangon ƙurya ne kawai ba a taɓawa. Waɗannan na mutanen da suka zo aka yi musu takalmin tafiya ne, suka tafi, ba a ji mutuwarsu ba, ba a kuma ga dawowarsu ba. Shi da kansa yake goge su da tsumma.

Ranin farko ban riƙe basilla ba. Ɗiban ruwa, dakan bagaruwa, juya fata a rami har hannuna ya rine, wasa wuƙaƙe a dutse, murza zare da kakin zuma a cinya har gashin wurin ya ƙone. A na biyu aka ba ni yanka, na ɓata fata ba iyaka, Alhaji bai taɓa ɗaga min murya ba, sai dai ya ɗauki abin da na ɓata ya juya shi a hannu ya ce akuya ta ba da ranta, ni kuma ga abin da na saka mata da shi. Wannan ya fi bulala ciwo. Yakan ce baki yana ƙarya, riga tana ƙarya, ƙafa ba ta yi, duk inda mutum ya bi da duk abin da ya ɗauka a rubuce suke a tafinta. Yanzu yaran makarantar da allo da farar ƙasa ake koya musu, mushe, malaminsu, ya zana takalmi ya rubuta lambobi a gefe, su kwafa a littafi. Ba na raina wannan, sun san lissafin da ban sani ba. Amma na taɓa miƙa wa ɗayansu fata na ce ya gaya min ta wuya ce ko ta ciki, sai ya juya ta yana neman inda aka rubuta.

A bazarar rani na uku abin ya faru. Zafi ya kai inda ko kuda ba ya tashi, an kashe inji don azahar, Alhaji ya yafuto ni da hannu muka shiga ɗakin ƙafafu. Bai tsaya ba sai bangon ƙurya. Ya miƙa hannu ya sauke guda biyu ya ɗora min a tafi, ya ce wannan ne gwajina, in yi sau-ciki na baƙar fata, daga yanka har goge, kada kowa ya sa min hannu. Na juya dunduniyar don in ga mai ita. Na yi allo, na iya karanta ajami.

Na ce, "Alhaji, wannan ai ta babana ce."

Ya ce ya sani, ba shi ya rubuta ba? Ya juya zai fita, sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ƙafafu na reto a kansa, bai waiwayo ba ya ce, "Ka ƙara wa ta hagu faɗin yatsa biyu. Wajen ƙaramin yatsa kuma ka cike shi da auduga, ba abin da zai zauna a wurin."

Ban tambaye shi dalili ba, a zamaninmu ba a tambayar na gaba dalili. Na naɗa wa katakon hagu fata har ya yi faɗin da ya ce, na zauna a kusurwata na fara. Ban taɓa sanin girman ƙafar mahaifina ba sai a wannan aikin. Ta fi tawa tsawo kaɗan, babban yatsan ya karkata ciki kamar nawa. Ina ja fata a kanta ina jin kamar mutum nake riƙe da shi, har in na buga ƙusa sai in sassauta hannu. Inna ta ga na rage cin tuwo ta tambayi ƙanwata ko wata nake so. Ban gaya mata ba. Me zan ce? Kwana goma sha ɗaya na yi, na cusa audugar na rufe ta da laushin fatar ɗan akuya, na goge har yana ɗaukar ido. Alhaji ya duba ɗinkin ciki da waje, ya lanƙwasa, ya saurari kukansa, ya ce na ci. Ya ajiye takalmin a kan katangar rumfarsa, ba a sake maganar ba.

Mako uku suna nan a wurin. Sai aka yi ruwan fari, mai ƙarfi, har ya cika kwatoci. Washegari da hantsi Alhaji ya dawo daga kasuwa da sauri irin wanda ban san shi da shi ba, ya ɗauko takalmin ya miƙo min, ya ce in kai tasha, akwai wani mutum a gindin dalbejiya ta bakin famfo, ya ga ƙafarsa. Na tarar da tsoho a zaune a ƙasa, ya jingina da itacen, rigarsa ta koɗe har ba a san launinta na asali ba. Ƙafar dama tsirara, ta hagu an naɗe da tsumma. Masu lodi suka ce tun asuba wani kamiyo na ƴan Najeriya ya sauke shi, bai tambayi gidan kowa ba, bai kuma tashi ba. Na durƙusa na ce sannu Baba, yadda ake ce wa kowane tsoho. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Samari, wuce gaba, ba ni da halin saye." Na ce ba na sayarwa ba ne. Na kama ƙafar dama na goge mata laka da gefen rigata na sa, ta shige kamar a ciki aka haife ta. Shi da kansa ya fara warware tsumman ta hagu, sannu sannu, yana cije leɓe. Ta kumbura. Yatsu huɗu ne, wurin na biyar ɗinki ne sabo, ko zaren ba a cire ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wurin ba. Shi ya katse ni, ya tambaye ni ɗan wane ne ni a garin nan. Na faɗi sunan mahaifina, wato nasa sunan. Ya juya kai yana kallon hanyar da motar ta bi, kamar yana neman ta dawo ta ɗauke shi.

A bayana na goyo shi har gida, takalmin hagu a hannunsa don ciwon bai bari a sa ba tukuna. Inna tana tsakar gida tana suyar ƙuli-ƙuli. Ta ɗago, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, an zo lafiya?" kamar jiya ya fita. Ta kawo ruwa a kwanon sha ta durƙusa ta ajiye, ta nuna min ɗakinsa, wanda ta share shekaran jiya da hadari ya haɗo. Sannan ta shiga nata ɗakin ta saki labule. Ƙuli-ƙulin ya ƙone ƙurmus a kasko, hayaƙi ya cika gidan, ba wanda ya tashi ya sauke.

Damina ɗaya ya yi tare da mu. Ciwon ya rufe har ya iya sa takalmin, ya je juma'a da shi sau da dama yana dogara sanda, ya je gona sau ɗaya ya tsaya a kan iyaka yana kallon gero. Bai ba mu labarin inda ya zauna ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sau ɗaya ne, muna zaune a zaure da yamma yana shafa takalmin, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya taɓa haɗuwa da wani na gidan takalma a can, direba ko mai kai kaya. Ya ce rabonsa da ganin ɗan Matameye ya fi shekara takwas, da gangan yake kauce musu don kunya. Na ce yatsan fa, yaushe ya rasa shi? Ya ce ƙusa ya taka a hanyarsa ta dawowa, saura mako biyu ya iso, wurin ya ruɓe, a Kano likita ya yanke, kwana biyar kafin ya iso. Na yi lissafi a zuciyata. Ranar da ya taka ƙusar, takalmin ya riga ya kwana bakwai a kan katangar Alhaji da audugarsa a ciki. Ana cikin yankan gero ya rasu, da rana, Inna na riƙe da kansa.

Bayan sadakar bakwai na sami Alhaji shi kaɗai ranar juma'a da safe, gidan ba kowa. Na durƙusa na ce ina da tambaya, in ya ga rashin kunya ce ya yafe ni. Yaya aka yi ya san zai dawo? Ya tashi ya ce in biyo shi. A bangon ƙurya na ɗakin ƙafafu akwai wani kirgi, jemammiyar fatar sa, da aka rataye, duk zamana na ɗauka ado ne. Ya ɗaga, sai ga ƙaramar ƙofa. Ciki kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da takalma sababbi, an jera su baki na duban ƙofa, suna ƙamshin man da ake shafa musu. A cikin kowanne an rubuta suna. Ya ce shi bai san komai ba. Duk juma'a in an tashi, yakan sauke ƙafa ɗaya daga bangon nan ya yi wa mai ita takalmi, don in Allah ya sa ya dawo kada ya shiga gidansa da ƙafa tsirara, mutum ya fi jin kunyar wannan a kan yunwa. Ya nuna min na can sama, wanda ya fi duka tsufa, ya ce na mahaifinsa ne, da karan awon ƙafarsa da uwarsa ta ajiye ya gwada shi. Ya ce neman wannan mutumin ne ya kai shi Kano, bai same shi ba, sana'a ya samo. Shi ya sa yake bin ƙauyuka, duk saurayin da ya riƙe ya rage wa bangon nan ƙafa biyu. Na mahaifina ne na farko da ya ba wani ya ɗinka, shi ne kuma na farko da aka zo aka karɓa.

Na ce, "To yatsan fa, Alhaji? Da kumburin?"

Ya ce wane yatsa. Na maimaita masa maganarsa kalma kalma, da inda ya tsaya ya faɗe ta. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Ni na ce maka haka?" Na ce shi ya faɗa. Ya ce wallahi ya tuna ya sauke ƙafar, ya tuna ya ce baƙar fata, daga nan bai tuna komai ba sai fitarsa waje, da ya ga faɗin ta hagu ma ya ɗauka kuskurena ne ya ƙyale don kada ya karya min zuciya. Na sha ganin mai ƙarya a rayuwata, ranar tsoro na gani a idon dattijo. A bayanmu ƙafafu suna ɗan bugun juna. Ya yi ta'awizi, ya saki kirgin, ya ce Allah ne masani, kada in gaya wa innata. Ban gaya mata ba har ta koma ga Allah.

Alhaji ya ba ni kayan yaye amma ban kafa rumfa ba, a gidan na zauna har na zama ni ke koya wa sababbi yanka. Ina nan roba da takalman gwanjo suka fara tsallako iyaka, masu ba da aiki mai yawa suka juya wani wuri, kekuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har wata safiya ba a tada inji ba matan unguwa suka makara da koko. Ƴaƴan Alhaji sun so a sayar da ƙarafan a gina shaguna. Ya ƙi. Ya tara limami da dattawa ya ce filin da duk abin da ke cikinsa wakafi ne, a riƙa koya wa ƴaƴan talakawa aikin hannu a wurin har ƙasa ta naɗe, kowace irin sana'a zamani ya kawo. Shi ne makarantar nan. Yau walda ake koyarwa da ɗinki da gyaran salula, har da ƴan mata, ajin takalma shi ne mafi ƙanƙanta. Hotonsa na rataye a ofishin darakta, yaran suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba su ɗaga kai.

A wasiyyarsa ya ce takalman ɗakin ciki ni zan raba su, sadaka ga mabuƙata. Bayan ya rasu na fito da su a buhuna, na shafa musu mai na ƙarshe, ranar kasuwa muka zauna a ƙofar gidan, makafi da masu itace da masu ga-ruwa suka yi layi, kowa na gwada masa har a dace. Ban yi tunanin goge sunayen ba. Da la'asar na je masallacin unguwa, na sunkuya zan tuɓe nawa, sai na ga jerin da ke bakin ƙofa. Ina karanta su ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane, wane na lungun marina, wane mijin wance, mutanen da aka daina ambata tun ina saurayi, duk ga takalmansu a jere kamar suna ciki sun yi sahu.

Labari ya bazu a gari. Akwai wata tsohuwa a lungunmu, mijinta ya riga mahaifina tafiya, ita ma ba ta sake aure ba. Jikanta ya gaya mata cewa ya ga sunan kakansa a takalmin wani mai itace na Dungu, wanda ke tsayawa la'asar a masallacinmu duk ranar kasuwa. Daga ranar ta riƙa fitowa da ƴar tabarmarta ta zauna a tsallaken hanya, daidai inda take hango bakin ƙofa. Na je na durƙusa kusa da ita na ce, Iya, ba shi ba ne fa, ni na ba mutumin nan da hannuna.

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ban haukace ba. Shekara nawa ban ga takalminsa a ƙofar masallaci ba? Bar ni in gani."

Na zauna tare da ita har aka sallame. Mai itacen ya fito, dogo ne siriri, bai kai rabin shekarunta ba, ya zura ƙafa a takalmin ya kunce jakinsa ya kama hanyar Dungu. Ta dafa kafaɗata ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta. Da ya yi ɗan nisa ta ɗaga murya ta ce, "A sauka lafiya, Malam."

Mutumin ya waiwayo, ya duba hagu da dama bai ga wanda ya sani ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Amin, Iya," ya kora jakinsa.